Ina Za a Kai Yara a Jidda: Bakin Teku, Gidan Kifi, Shallal ko Mol?

Matar yayana ta kira ni daga Makka ranar da suka kammala Umra. Sun zo daga Kano da yara huɗu, babbar tana da shekara 13, autan bai cika uku ba, kuma kwana biyu kacal za su yi a wurinmu a Jidda kafin jirginsu ya tashi. Ta ce, "Ƙanwata, yaran nan sun yi haƙuri. Kwana goma daga masauki sai Harami, daga Harami sai masauki. Ki nema mana inda za su ɗan sake, amma ki duba aljihu, tsaraba ta cinye guzurin." Na ce, "Anti, ki bar mini wannan." Da na ajiye wayar sai na lura ashe tambayar da ta yi mini ita ce wadda mu mazauna garin muke yi wa juna duk ranar Alhamis da yamma, idan hutun Juma'a da Asabar ya ƙarato kuma yara sun fara zagaye ɗaki kamar kajin da aka rufe a akurki.

A da wannan tambaya ba ta cika tasowa a tsakaninmu ba. Duk wanda ya zauna a Sabil ko Karantina ko Hindawiyya ko Gulail ya san lungu shi ne filin wasa. Yaro ya dawo daga makaranta, ya ajiye jaka, ya fita, kuma duk matar da ta leƙo daga ƙofa uwarsa ce, ta san ɗan wane ne. Daga ƙarshen 2021 zuwa cikin 2022 aka rushe waɗannan unguwanni da wasu masu yawa irinsu, jama'a suka watse, da yawanmu muka koma shiƙƙa, wato sashen haya a gidan bene, a hawa na biyu ko na uku a unguwar da ba mu san kowa ba. A shiƙƙa yaro ba ya gudu. In ya yi tsalle sau uku, maƙwabcin ƙasa zai hawo ya ƙwanƙwasa ƙofa, kuma da gaskiyarsa. Sai a miƙa wa yaron waya don ya zauna, ya wuni a kanta. Shi ya sa nake ɗaukar maganar fita da yara da muhimmanci. Ba shaƙatawa ba ce kawai a wurina, jikin yaro ne yake neman abin da aka halicce shi da shi, wato gudu da hawa da faɗuwa da tashi.

Wuraren da mutum zai zaɓa a tsakaninsu a Jidda ba su wuce kashi huɗu ko biyar ba, kuma zan faɗi ra'ayina tun yanzu don kada mai karatu ya yi ta jira: ga yawancin iyalai, a yawancin ranaku, bakin teku ya fi duk wani wurin da ake biyan kuɗi. Amma akwai watannin da bakin teku ba ya shiguwa, akwai kuma shekarun da yaro zai kai ya raina lilo. A nan sauran wuraren suke samun shiga.

Kurnish dai, wato bakin tekun da aka gyara don shaƙatawa, ba wuri ɗaya ba ne, wannan shi ne abin da baƙo ba ya ganewa. In ka ce wa direba "kai ni kurnish" zai tambaye ka wanne. Gaɓar tana da tsawo sosai, kuma ɓangarori biyu ne suka shafi mai yara. Akwai na arewa, wanda ake kira Wajiha Bahariyya, da aka buɗe a ƙarshen 2017, tsawonsa ya haura kilomita 4. Akwai kuma na unguwar Hamra, wanda ya fi kusa da tsakiyar gari, inda ake kallon maɓulɓular Sarki Fahad. Dukansu kyauta ne, ba ƙofa ba tikiti.

Na arewa an gina shi ne da yara a rai. Kana tafiya kana tarar da wuraren wasa jefi-jefi, ba a tara su wuri ɗaya ba: lilo, wanda yaranmu na nan ba su san shi da wani suna ba sai murjeha, da abin zamiya da suke kira zuhleƙa, da igiyoyin hawa, da ciyawa mai faɗi da za a iya buga ƙwallo a kanta. Akwai hanyar masu tafiya a ƙasa, akwai gadar da ta shiga cikin ruwa inda masu kamun kifi suke jera ƙugiyoyinsu, akwai banɗakuna da wuraren salla, ga kuma Masallacin Rahama can gaba, wanda aka gina a kan ginshiƙai cikin ruwa tun 1985, har in teku ta cika sai ka ga kamar yana shawagi a kanta. Abin da ya fi burge ni da wurin shi ne ba ya raba iyali. Mai shekara uku yana wasa da yashi a gefen tabarma, mai shekara bakwai yana kan lilo inda idonka ke kai wa, mai shekara goma sha biyu ya tafi da kekensa ya dawo, kaka kuma tana zaune da carbinta tana shan iska. Ba wanda aka ce masa tsawonsa bai kai ba, ba wanda aka ce masa ya wuce shekarun shiga.

Lokacin da na fi so shi ne daga bayan La'asar zuwa Isha. Jidda tana fuskantar yamma, don haka rana tana faɗawa ne cikin Bahar Maliya a gaban idonka. Ranar farko da na kai autata, tana 'yar shekara huɗu, ta saki igiyar lilo ta tsaya cak tana kallon ranar tana nutsewa, ja jawur kamar garwashi. Da ta ɓace sai ta juyo da hawaye ta ce, "Umma, ta jiƙe, gobe ba za ta kama ba." Sai da babanta ya durƙusa ya yi mata bayani cewa ta tafi haska wa mutanen Kano ne, sannan ta yarda ta koma wasa. Irin wannan ba a sayen sa da tikiti.

Sai dai kada in yaudari kowa, wurin yana da wahalarsa. Daren Alhamis da daren Juma'a a lokacin sanyi, rabin Jidda a can take. Neman wurin ajiye mota kaɗai zai iya cinye maka rabin awa, kuma in ka samu, wataƙila nesa da wurin wasan ne, ga tabarma ga flas ga kular abinci ga yaro a kafaɗa. Maganin wannan shi ne sammako. Wanda ya isa da La'asar sakaliya ya zaɓi wurinsa, wanda ya bari sai bayan Magariba ya ɗauki abin da ya samu. Akwai kuma wani lokaci da mutane ƙalilan suka sani, wato safiyar Juma'a bayan sallar Asuba. Gari yana barci, iska tana da sanyi, lilo duk babu kowa. Awa biyu a wannan lokaci sun fi awa biyar na dare amfani ga ƙananan yara, a dawo gida a yi wanka a shirya wa masallaci. A kuma riƙa lura da makon tseren motoci, domin tun Disamban 2021 ake yin gasar Formula 1 a arewacin kurnish, kuma a kwanakin nan akan rufe wasu tituna, hanyar da ka saba bi ta zama ba ita ba.

Maganar da ba na son a yi wasa da ita ita ce ta ruwa. Akwai wuraren da aka keɓe don iyo, kuma a nan kaɗai ya kamata yaro ya sa ƙafa. Gaɓar Jidda ba ko'ina take gangarowa a hankali ba. Akwai duwatsun murjani masu kaifi kamar reza, akwai inda ƙasa take yankewa farat ɗaya. Yaron da ya taso a Kano ko Zariya bai san teku ba, yana ganin ruwan ya kwanta luf zai ɗauka kamar kududdufi ne. Sannan wurin buɗe yake, ba katanga. Na taɓa neman ɗana na tsakiya na rasa, wajen minti goma, a daren da jama'a suka cika. Na juya in zuba shayi ne kawai. Abin da na ji a ƙirjina a mintunan nan ba na fatan wata uwa ta ji shi. Wata dattijuwa Balarabiya ce ta riƙo hannunsa tana bin tabarmi ɗaya bayan ɗaya tana tambaya. Tun daga ranar nake sa wa ƙananan riga mai launi mai haske in za mu fita da dare, in rubuta lambar babansu a takarda in sa musu a aljihu, kuma da mun sauka nake nuna wa kowa wata alama babba, fitila ko rumfa, in ce duk wanda ya rasa mu ya tsaya a nan kada ya motsa. Lambar gaggawa a yankin Makka, wanda Jidda ke ciki, ita ce 911, ya kamata manyan yaran ma su haddace ta.

Kurnish na Hamra kuwa kayan wasansa ba su kai na arewa ba, amma yana da abin da wancan ba shi da shi. Maɓulɓular Sarki Fahad tana aiki tun 1985, ita ake lissafawa mafi tsawo a duniya, tana harba ruwan teku sama fiye da mita 260, da dare kuma fitilu suna haska ta har ka gan ta daga unguwanni masu nisa. A nan kuma aka tattara wasu daga cikin sassaƙe-sassaƙen da aka kawo garin zamanin magajin gari Muhammad Sa'id Farsi, wanda ya cika shataletalen Jidda da ayyukan masu fasaha na duniya. In baƙi gare ka masu kwana ɗaya, kuma kana son su koma gida da abin ba da labari, Hamra ce. In yara kake son su gaji su yi barci mai nauyi, arewa ce.

Duk wannan yabo da na yi, daga Nuwamba zuwa Maris yake aiki, wataƙila har cikin Afrilu. Daga Mayu zuwa Oktoba labari ya sha bamban. Zafin Jidda ba irin na Kano ba ne da inuwa ke maganinsa. Laimar teku ce take haɗuwa da shi, ka fito daga mota gilashin idonka ya yi hazo, kafin ka shimfiɗa tabarma rigarka ta jiƙe sharkaf, ko da ƙarfe goma na dare ne. A Yunin 2010 zafin garin ya taɓa kai maki 52. A irin waɗannan watanni kayan wasan da ke waje kansu haɗari ne da rana. A wata ƙaramar hadiƙa ta unguwarmu, wato lambun shaƙatawa, ɗiyar maƙwabciyata ta hau zuhleƙa wajen ƙarfe huɗu na yamma a watan Yuli, ta sauko tana ihu, bayan cinyoyinta sun yi ja kamar an ɗora mata dutsen guga. Tun daga nan duk abin da yaro zai hau sai na fara ɗora bayan hannuna a kai, in ban iya ƙirga biyar ba, ba zai hau ba.

To a watannin zafi ina za a nufa? A nan ne mol yake shigowa, kuma a nan ne nake da ƙorafi mafi yawa. Manyan mol na garin, irin su Red Sea Mall a arewa, da Mall of Arabia kusa da filin jirgi, da Salam Mall ta wajen kudu, duk suna da wuraren wasan yara a ciki, ga sanyi, ga wurin salla, ga abinci, ga banɗaki mai tsabta. Ga uwar da take fita ita kaɗai da yara, wannan ba ƙaramin sauƙi ba ne, musamman tun 2018 da mata suka fara tuƙi, ba sai an jira maigida ya dawo daga aiki ba. Amma wasan mol iri biyu ne, kuma bambancinsu kamar na dare da rana ne. Akwai na na'urori, inda ake sayen kati a zuba masa kuɗi, yaro ya riƙa goga shi a jikin kowace na'ura. Akwai kuma na tsalle-tsalle, ɗaki mai katifu da raga da ƙwallaye, inda ake biyan kuɗin awa, a cire takalmi a sa safa a shiga.

Na katin nan ban yarda da shi ba. Ba ya bari ka ga kuɗi suna fita, yaro kuma bai san abin da ake kira riyal ba, shi dai ya ga fitila ta kama. A wani mol da ba zan ambata ba, na zuba wa kati abin da zai yi mana cefanen kwana biyu, ban gama gyara wa autata takalmi ba babban ya dawo ya ce ya ƙare. Na duba, ko minti ashirin ba a yi ba. Abin da ya fi damuna ma ba kuɗin ba ne. Yaron ya fito a fusace, idonsa ya yi ja saboda ƙara da walƙiyar fitilu, jikinsa kuma bai motsa ba, tsayuwa kawai ya yi yana danna maɓalli, abin da yake yi a gida da waya. Na tsalle-tsalle kuwa ka san abin da za ka biya tun daga ƙofa, kuma yaro zai fito da zufa yana neman ruwa da abinci. Ga 'yan shekara biyu zuwa takwas a watan Agusta, ban san abin da ya fi shi ba. A tafi da safa daga gida don kada a sayar maka a can, a kuma je da rana tsaka a ranakun aiki in da hali, lokacin da manyan yara ba su cika wurin suna ture ƙanana ba.

Sai wurare biyu da suke kan kurnish amma ake biya, waɗanda mutane suka fi rikicewa a tsakaninsu saboda kamfanin iyali ɗaya ne, na gidan Faƙih, ya gina su: gidan kifi da malahin Shallal, wato filin wasa mai injinan hawa. In kuɗin ɗaya kawai gare ka, wanne?

Gidan kifin an buɗe shi a 2013, kuma yana ɗauke da nau'in halittun ruwa fiye da 200, da yawansu daga Bahar Maliya. Akwai wata hanya ta gilashi da ake bi, ruwa a dama, ruwa a hagu, ruwa a sama, manyan kifaye masu haƙora suna wucewa ta kan kanka, ga kunkurun teku, ga wani kifi mai faɗi kamar faifai da ke kaɗa gefensa kamar tsuntsu. Ana kuma yin wasan dolfin da wata dabba mai gashin baki da Larabawa ke kira zakin teku, amma wannan tikitinsa daban ne kuma yana da lokutansa, sai a tambaya kafin a shiga don kada a fito a tarar an gama. Amfanin wurin a fili yake: a rufe yake, da sanyi, ya dace da kowane wata, ya kuma dace da kowace shekara, daga na goye har kaka. Yaron da ya daɗe yana kallon teku daga sama, ranar zai san abin da ke ƙarƙashinta. Ɗana na tsakiya, wanda ba a raba shi da surutu, ya manna goshinsa a gilashi ya yi shiru na tsawon lokaci, sai can ya ce, "Abba, duk Allah ne ya yi musu fenti?" Rauninsa kuma shi ne ba wurin wasa ba ne. Ba a gudu, ba a hawa komai, cikin awa ɗaya da rabi an gama zagayawa, kuma zuwa na biyu ba ya kai na farko daɗi. Wurin zuwa ne sau ɗaya a shekara, ko ranar da aka yi baƙi.

Shallal, wanda aka buɗe a 2005, shi ne abin da yara suke nufi in sun ce malahi. Akwai jirgin nan mai gudu a kan dogo da ke hawa sama ya juya da mutane ya gangaro, akwai filin ƙanƙara da ake zamiya a kai, akwai tafki da ƙananan jirage, akwai gidajen abinci. Da yamma ake buɗewa har dare ya raba. Ga yaro mai shekara tara zuwa sama, ba abin da za ka ba shi a Jidda da zai kai wannan, zai yi wata yana ba da labari. Amma ga iyali mai ƙanana, a yi tunani sau biyu. Manyan abubuwan hawa suna da ƙa'idar tsawo, kuma daidai ne a yi hakan, sai dai ƙaramin da aka mayar daga layi bai san daidai ba, kuka zai yi ta yi yana nuna yayansa. Daga nan iyali ya rabu biyu, uba ya bi manya, uwa ta zauna da ƙanana, kowa yana kiran kowa a waya cikin hayaniya. Kuɗi kuma ba a ƙofa kaɗai suke fita ba. Kafin ka shiga ka tambayi abin da tikitin ya ƙunsa da abin da bai ƙunsa ba, ka yanke wa kowane yaro adadin abin da zai hau tun a mota, a yi alkawari a gaban kowa. Ni na mayar da Shallal abin Salla da kuma ladar wanda ya yi sauka ko ya ci jarrabawa. In an mayar da shi na kowane mako, aljihu ba zai ɗauka ba, yaran ma sai ya fita daga ransu.

Don haka tsakanin biyun, in yawancin yaranka ba su kai takwas ba, ko kuna tare da tsofaffi, ko lokacin zafi ne, gidan kifi. In manya ne kuma lokacin sanyi ne, Shallal.

Ba zan tsallake maganar kuɗi ba, domin ita ce take yanke hukunci a gidaje da yawa ko ba a faɗa ba. Mai zama da igama, wato takardar izinin zaman baƙo, da iyalinsa a ƙarƙashinsa yana biyan kuɗin kowane mutum ɗaya duk wata. An fara da riyal 100 a 2017, ya riƙa hawa har ya kai 400 a 2020. Mai mata da 'ya'ya huɗu, riyal 2000 ke nan kowane wata kafin a yi maganar haya da makaranta, ga harajin kaya na kashi 15 cikin ɗari a kan kusan duk abin da ka saya. Uban da ke ɗauke da wannan, in ya ce ba za a je malahi ba, ba rowa ba ce. Ina faɗin haka ne saboda na ga iyayen da suke jin kunyar 'ya'yansu, har su gwammace a zauna a gida tunda ba za a iya zuwa wurin biya ba. Wannan kuskure ne babba. A dafa shinkafa da wake ko taliya a zuba a kula, a cika flas da shayi, a ɗauki ƙwallo da tabarma. In an samu sarari a saya musu balila, wato dafaffen waken Larabawa, ko dafaffiyar masara a can, ko a biya ta wurin masu tsire a hanyar dawowa, tsiren nan namu da mutanen Hijaz suka karɓa suke kira siriya. Ko kazar Albaik ce ma, wadda a garin nan aka fara ta tun 1974, a raba a kan tabarma, ta fi arha nesa ba kusa ba a kan abincin cikin malahi.

Ga waɗanda teku ta yi musu nisa, akwai Hadiƙar Amir Majid a unguwar Rabwa, babba ce, an sake gyara ta a 'yan shekarun nan, tana da ciyawa da wuraren wasa da hanyar tafiya. Abin da ta fi kurnish da shi shi ne a kewaye take kuma ba teku, don haka mai ƙananan yara da yawa zai fi samun kwanciyar hankali. Abin da ta rasa shi ne iskar nan da faɗuwar rana. Ƙananan hadiƙoƙin unguwa kuma kada a raina su. Rabin awa kullum bayan Magariba a wadda ke bayan gidanka ta fi fita ɗaya mai tsada a wata, kuma a nan ne yara suke samun abokai, iyaye mata su fara sanin juna, wani abu daga cikin abin da muka rasa a tsoffin unguwanni ya fara dawowa. In lilo ya karye ko fitila ta mutu, a kira baladiyya, wato hukumar gari, a 940 a faɗa, kada a jira wani ya yi.

Balad, wato tsohon gari, ba filin wasa ba ne, amma ina ganin duk yaron Bahaushe da ya kai shekara goma ya kamata a zagaya da shi. An sa shi cikin wuraren tarihi na duniya a 2014. Zai ga dogayen gidaje masu tagogin katako da ake kira rawashin, ya ga Gidan Nasif inda Sarki Abdul'aziz ya sauka bayan shigarsa Jidda a 1925, ya ga Ƙofar Makka. Ta nan kakanninmu suka bi, waɗanda suka taso daga ƙasar Hausa a ƙafa, suka yi shekaru a hanya suna noma da ƙwadago a Cadi da Sudan, suka ƙetaro ruwa daga Sawakin. Ƙananan yara dai gajiya za su yi, lungunan ba su dace da keken jarirai ba.

Su Anti a watan Janairu suka zo, don haka zaɓin bai yi wuya ba. Ranar farko muka shiga gidan kifi bayan Azahar, muka fito muka shimfiɗa tabarma a kurnish na arewa kafin jama'a su taru, muka zauna har Isha. Rana ta biyu Yaya ya ɗauki manyan biyu da babban ɗana suka tafi Shallal, mu kuma muka kai ƙananan Hamra suka ga maɓulɓula, autan yana ta nuna ta yana cewa famfo ya fashe a kira mai gyara.

A yammacin farkon ne babbar 'yar, mai shekara 13, ta zo ta zauna kusa da ni lokacin da rana ta kusa taɓa ruwa. Ta ce, "Gwaggo, in mutum ya miƙe ta can, ina zai fita?" Na ce mata Sudan ce a ƙetare, bayanta Cadi, bayanta gida. Ta yi shiru tana kallo. Sai ta tashi ta je ta kamo hannun ƙaninta, ta kawo shi bakin shingen, ta ɗaga shi sama tana nuna masa da yatsa.